Sauro, Goro da Auren Zumunci

Idan aka haifi yaro mai sikila a gidan Bahaushe, kafin likita ya buɗe baki dangi sun riga sun yanke hukunci. In uwa da uba 'yan uwan juna ne, a ce ai ga irinta nan, tuwona maina ne ya jawo. In kuwa ba su haɗa komai ba, sai magana ta koma kan iska, ko sammu, ko a ce uwar wabi take yi. A Kwatano, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, zargin farkon ya fi saurin kama mutanen Zongo da maƙwabciyarta Jonquet, wadda bakin Bahaushe ya mayar Jonke. Nan tashar motocin Lome da Legas take, nan 'yan canji suke zaune da damman sefa da naira, 'yan zem masu riga ruwan ɗorawa suna kutsawa da baburansu tsakanin masu fitowa daga masallaci. Wanda ya tsaya daga waje, abin da zai gani shi ne jama'a mai harshe ɗaya da alƙibla ɗaya, baƙi a ƙasar Fon, masu ba nasu 'ya'yansu mata. Sai ya ɗauka jininsu a rufe yake, gida ɗaya yake ta zagayawa.

Rufaffen jini na gaske akwai shi a duniya, an kuma ƙidaya shi mutum-mutum. Sai dai ba a Zongo yake ba.

Tristan da Cunha tsibiri ne a tsakiyar tekun Atilantika ta kudu, dutse mai aman wuta, babu filin jirgin sama, mutanen da suka fi kusa da shi kuwa suna tsibirin Saint Helena, nisan kilomita wajen 2,400. A 1816 Ingila ta ajiye sojoji a wurin don kada a biyo ta nan a kuɓutar da Napoleon, wanda take tsare da shi a Saint Helena. Da aka janye su shekara ta gaba, wani kofur ɗan Sikotilan mai suna William Glass ya ce shi a bar shi, da matarsa Maria, 'yar Afirka ta Kudu mai ruwa biyu, da 'ya'yansu. Ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa maƙalewa ɗaya-ɗaya, duk gwauraye. A 1827 aka kawo musu mata biyar daga Saint Helena, waɗanda jininsu ya haɗa Afirka da Asiya da Turai, kamar yawancin mutanen wancan tsibiri da aka taɓa cikawa da bayi. Daga baya aka samu ƙarin 'yan kaɗan, har da Italiyawa biyu da jirginsu ya fashe a 1892. In aka bi salsalar mutanen tsibirin na yau, su wajen 250, kan kakanni 15 kacal take tsayawa, maza takwas, mata bakwai.

Wannan ɗan irin ma sau biyu yana tsinkewa. Tsakanin 1855 da 1857 ƙaura ta rage su daga 103 zuwa 33. A Nuwamban 1885 maza 15 suka shiga kwalekwale suka bi wani jirgi da ke wucewa don su yi musayar kaya da shi, ko ɗaya bai dawo ba, manyan mazan da suka rage a tsibirin huɗu ne. Wanda ya tafi ko ya nutse ya tafi da abin da ke cikin jininsa, wanda ya rage kuma nasa ya yaɗu, mai kyau da marar kyau. Babu wanda ya zaɓi auren 'yar uwa a Tristan. Wata macen ce babu.

A Oktoban 1961 dutsen ya yi amai, aka kwashe su duka, mutum 264, zuwa Ingila. Likitoci suka samu abin da ba su taɓa samu ba: al'umma guda cif, kowa an san kakan kakansa. Suka tarar da mutum huɗu masu wata makanta ta gado da ke cin gani sannu a hankali, cutar da a wani wurin sai an duba dubban mutane kafin a ga ɗaya. Suka tarar da asma kusan gida-gida. Zaman Ingila bai karɓe su ba, a 1963 yawancinsu suka koma dutsensu. Bayan shekara 30, a 1993, likita Noé Zamel na Jami'ar Toronto ya bi su har can ya auna numfashin kusan kowa, ya samu fiye da rabinsu da alamun asma.

Zongo kuwa hanya ce ta haife ta. Ƙarni da ƙarni ayarin fatake yana tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, jakai ɗauke da kanwa da baƙin rini da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Djougou a arewacin Benin ta yau, su gangara Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Tafiya ce ta watanni. A kowane masauki akan samu wanda ya gaji da bin madugu, ya kafa gida ya zama fatoma, ya auri 'yar gari, 'ya'yansa su tashi da Hausa a baki. Da Faransawa suka mayar da Kwatano tashar jiragen ruwa, suka shimfiɗa dogo daga bakin teku zuwa Parakou, ciniki ya juyo kudu, jikokin fatake suka biyo shi. Zongon Kwatano ta tara Bahaushe da Badende da Bazabarme da Bafillace da Babarbare da Bayarabe Musulmi, kuma wanda ya yi salla ya iya Hausa, jikansa Bahaushe ne, ba mai tambayar takarda. Ana auren zumunci a Jonke, wannan ba abin musu ba ne. Amma kowace shekara mota tana sauke sabon jini daga Maraɗi da Dosso da Birnin Kebbi.

Sikila daga wani wuri ta fito, kuma sauro ne ya raine ta.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗauko iska daga huhu ya kai wa jiki, himogulobin. Umarnin ƙera shi a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kamar malami ne yana kwafar littafi da hannu, ɗigo ɗaya ya sauka ba a wurinsa ba, almajirai suka yi ta kwafa daga nasa har kuskuren ya cika gari. Harafi ɗaya tak ya sauya, himogulobin da masana suke kira A ya koma wanda suke kira S. Wanda ya gaji S ta gefe ɗaya, wato AS, lafiyarsa lau, har da garkuwa a kai: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin wanda ke kashe yara, da wuya ya kai shi ƙasa, kariyar ta kusa kashi 90 cikin 100. Anthony Allison, Baturen da ya tashi a Kenya, shi ya nuna alaƙar a 1954. Wanda ya gaji S ta gefe biyu kuwa, SS, in iska ta yi wa ƙwayoyin jininsa ƙaranci sai su lanƙwashe su yi siffar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Daga nan ne ciwon ƙashin da ke tashi da sanyi, da idon da ya yi shawara, da saifar da ta kumbura, da jaririn da hannuwansa da ƙafafunsa suka haye yana ta tsala ihu ba a san me ya same shi ba.

A 1984 wasu masana ƙarƙashin Josée Pagnier da Dominique Labie suka auna jinin masu sikila daga Senegal da Benin da Afirka ta Tsakiya, suka ga S ɗin kowane yanki yana tafe da wasu alamomi nasa na daban, suka sa wa kowane iri sunan ƙasar da aka ɗebo jinin. Irin da aka kira na Benin shi ne ya mamaye Najeriya. Shi aka tarar a Aljeriya da Sisili da Girka da Turkiyya, inda ake ganin hanyoyin hamada ne suka kai shi. Shi ne kuma ya fi yawa a Amurka da Jamaika, inda jiragen bayi suka kai shi, ciki har da waɗanda suka yi lodi a Ouidah, tafiyar kilomita 40 yamma da Jonke. A lokacin an ɗauka kuskuren ya faru sau da yawa a wurare dabam-dabam. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Najeriya mai bincike a Amurka, suka tantance ƙwayoyin gadon mutum kusan 3,000, suka ce a'a, sau ɗaya ya faru, a jikin yaro ɗaya, shekara wajen 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take kore shar da tafkuna. Wasu masanan Faransa sun ce ya fi haka tsufa, amma su ma a kan asali ɗaya suka tsaya. To ka ga ke nan Bakano mai AS da ya ƙi 'yar baffansa ya je ya auro 'yar Abomey mai AS, bai fita daga dangi ba. Sun haɗa kaka, sai dai kakan yana can baya da ɗaruruwan zuriya.

Abin da wannan gado yake yi in ba a taɓa shi ba, a ƙasar Hausa aka auna shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wani babban aiki kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, lokacin tana jihar Kano, yau tana Jigawa. Feshi da rabon magani ne ya kai su, amma da yake ana ɗibar jinin dubban mutane, Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka duba har da sikila, suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai sabbin haihuwa, kashi 24 cikin 100 AS ne. A cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, kashi 29. Ba mai sauya jini bayan haihuwa. AA ne zazzaɓi ya yi ta ɗauka, sai kason AS ya ɗaga. SS kuma, jariri biyu cikin kowane 100 da ita aka haife su, amma da aka duba manyan yara da magidanta, kusan babu ko ɗaya. Shi ya sa tsofaffi sukan rantse cewa a zamaninsu ba a san sikila ba. Gaskiya suka faɗa, ba su san ta ba, sun dai binne ta. Suka kira uwar mai wabi, suka sa wa na gaba suna Ajuji ko mutuwa za ta raina shi ta wuce.

Yanzu a zo ga auren zumunci, a yi masa lissafi na adalci. A ce mutum AS ne, a ƙasar da mutum ɗaya cikin huɗu yake AS. In ya auri bare, yiwuwar ita ma ta zama AS ɗaya ne cikin huɗu. In ya auri 'yar baffansa ko 'yar gwaggonsa, su biyun sun haɗa kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, in aka tara wannan da abin da za ta iya gada ta wasu hanyoyin, yiwuwar ta tashi zuwa wajen ɗaya cikin uku. Ƙari ne, ba a raina shi ba, amma ba shi ya haƙa ramin ba. Kuma duk inda AS biyu suka haɗu, dangi ne ko bare, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki da ƙuri'arsa. Masu cewa “sai na huɗu”, su haifi uku su tsaya, ban san wa ya koya musu wannan lissafin ba. Ana iya samun uku a jere, ana iya haihuwar takwas ba ko ɗaya.

Inda auren zumunci yake cizo da gaske shi ne cututtukan da ba su da yawa, irin wata kurumta ta gado, ko makantar nan ta Tristan, ko ciwon da ke kashe jariri ba a gano sunansa ba. In mutum ɗaya cikin 100 ne yake ɗauke da irin cutar a ɓoye, mai ɗauke da ita da ya auri bare da wuya ya yi karo da irinsa. In ya auri 'yar baffa, daga ɗaya cikin 100 an koma ɗaya cikin takwas, ninki goma sha biyu da ɗoriya. A birnin Bradford na Ingila, inda 'yan asalin Pakistan suke yawan auren gida, an bi jarirai sama da 11,000, aka buga sakamakon a 2013: haɗarin haihuwar yaro da nakasa ya tashi daga wajen uku cikin 100 zuwa shida cikin 100 ga 'ya'yan auren zumunci. Ninki biyu ne, amma kuma 94 cikin 100 lafiya suka zo. Aure ɗaya ba shi ne abin tsoro ba, addini ya halatta shi, kuma dalilan iyaye ba na banza ba ne: an san asali, gado bai fita ba, yarinya tana hannun gwaggonta. Abin tsoron shi ne maimaici, kaka ya auri 'yar baffa, ɗa ya yi, jika ya yi, don kada shago ko gidan haya ya faɗa hannun bare. Irin wannan gida yana iya mayar da kansa Tristan alhali ƙofarsa tana kallon tasha.

A shekarar da Zamel ya sauka a tsibirin, 1993, wani likitan yara ɗan Benin, Mohamed Chérif Rahimy, ya fara wani aiki a Kwatano, a babban asibitin koyarwa mai sunan Hubert Maga, shugaban ƙasar na farko, 'yar gajeriyar tafiya a kan zem daga Zongo. Ba shi da kuɗin auna kowane jariri kamar yadda ake yi a Amurka. Sai ya bi ta kan ungozomomi. Aka horar da su su gano masu cikin da ke ɗauke da irin sikila a wurin awo, su zaunar da su su yi musu bayani, su sake yi, su kuma sake, har mace ta kawo jaririnta a auna da kanta ba tilas. Yaron da aka samu da cutar sai a riƙe shi, da abubuwan da ba su fi ƙarfin talaka ba: rigakafin zazzaɓi, alluran rigakafi, abinci mai gina jiki, shan ruwa da yawa, zuwa asibiti a kan lokaci, da koya wa uwa alamun da in ta gani ba a jiran gari ya waye. Ƙarin jini ma sai ya zama dole.

A rahoton da suka fitar a 2009, wajen mata takwas cikin goma da aka yi wa bayani sun nemi a auna jariransu, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da aka ɗauka ana ci gaba da ganinsu bayan shekara biyar. Mace-macen 'yan ƙasa da shekara biyar a cikinsu ya gaza na sauran yaran Benin har ninki goma. A sake karanta wannan a hankali: yara masu sikila, irin waɗanda Garki ta binne kusan duka, sun fi masu lafiya tsira. Gaskiya ne 'ya'yan birni ne, masu iyayen da ba sa fashin asibiti, ba za a auna su da na ƙauye kai-tsaye ba. Duk da haka, ba dashen ɓargo ba ne ya yi wannan aiki, ungozoma ce da uwa. A 2009 ɗin ne kuma masana sikila na ƙasashe da dama suka hallara a Kwatano don tsara yadda za a haɗa hannu a kan cutar.

Najeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara, ta fi karkata ga tare abin tun daga ƙofar aure. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Kano, har da na jinotaif. Mutanen Jonke suna da 'yan uwa a Kano, abin da aka fara can ba ya daɗewa bai iso ba, waliyyi ya ce a kawo takarda kafin a sa rana. Madalla. Sai dai takardar da ta ishi Bakano ba lalle ta ishi ɗan Zongo ba, kuma a nan ne goro ya dawo cikin zancen.

Akwai kuskure na biyu, a daidai gurbin da na farko ya faru, amma da wani harafin dabam. Shi ake kira C. Cibiyarsa Burkina Faso da arewacin Gana, kuma shi ma sauro ne ya raine shi: a 2001 David Modiano da abokan aikinsa suka auna Mosawa sama da 4,000 suka ga C yana kare mutum daga zazzaɓi. A Garki ko mutum ɗaya cikin 100 bai cika ba mai AC. A Benin kuwa wajen mutum ɗaya ne cikin goma, ga masu AS da suka haura ɗaya cikin biyar. Hanyar Gwanja ta cikin ƙasar C ta ratsa, kuma matan da fatake suka aura a masaukai da yawansu 'ya'yan wannan ƙasa ne. Bahaushe mai AS ya auri mai AC, ɗa ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa SC, ita ma sikila ce. Wannan kam ba auren gida ne ya kawo ta ba, auren waje ne.

Matsalar tana wurin gwaji. Mai arahar, wanda a ƙasashen Faransanci ake kira gwajin Emmel, ɗigon jini ake hana wa iska a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Jinin AC ba ya lanƙwashewa. Sai a rubuta wa yarinya cewa ba ta da komai, dangi su yi guɗa, a ɗaura. Gwajin da ke rarrabe A da S da C shi ne wanda ake bi da jini ta na'ura mai aiki da lantarki, ilektiroforesis, ya fi tsada kaɗan, kuma shi ya kamata waliyyi ya tambaya da sunansa.

SC takan yi lamo a ƙuruciya, shi ya sa ake ce mata mai sauƙi. Yaro zai yi makaranta, ya yi ƙwallo, ya shiga kasuwa, wani bai ma san yana da ita ba sai ya girma ta taɓa masa ido, ko ta cinye kan ƙashin ƙugu ya fara ɗingishi. Ga mata kuwa, ciki ne yake tono ta. A shekarar 2000 Rahimy ya buga sakamakon mata 108 masu sikila da suka yi goyon ciki a hannunsu a Kwatano, 42 SS, 66 SC. Da irin kulawar nan mai araha, 106 suka tashi, adadin da ya yi kusa da na sauran matan da suka haihu a wannan asibiti. Biyun da suka rasu, dukansu SC ne.